Daga Yafitowa Zuwa Yaudara: Tarken Yadda Ake Jera Kalmomin Kira na Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya buɗe ƙaramin ƙamus na kalmomi masu kusancin ma'ana a Ingilishi, ko ya latsa wayarsa ya nemi kalmar beckon, abin da zai tarar shi ne jerin kalmomi irin su invite, summon, attract, entice da lure, an zuba su a layi ɗaya, waƙafi kaɗai ya raba su. In ya koma ga takardar kalmomin da ya haddace tun yana sakandare, sai ya ga an ba shi kira, gayyata, jawo da yaudara, ba a ce masa ga wadda ta dace da wance ba. Daga nan sai ya ɗauka duk kanwar ja ce, ya riƙa ɗaukar wadda ta fi kusa da hannunsa.

Wannan takarda tarke ce a kan wannan hanya ta jera kalmomi. Abin da take son nunawa shi ne, kalmomin nan sun yi tarayya a abu ɗaya tak, wato wani yana son wani ya matso, amma sun rabu a kan abubuwan da suka fi wannan muhimmanci: da me aka yi kiran, ko wanda aka kira yana da ikon ƙin zuwa, da kuma ko mai kiran ya bayyana nufinsa ko ya ɓoye. Jeren da bai nuna waɗannan ba ya bar ɗalibi a rabin hanya, kuma za a ga a gaba cewa a wajen mai fassara labari ko takardar kotu, wannan rabin hanya na iya wanke mai laifi.

2.0 Asalin Jeren

Littafin da ya fi kowanne suna a wannan fage shi ne na Peter Mark Roget, likita ɗan Ingila, wanda aka fara bugawa a 1852. Roget ya kasa tunanin ɗan Adam gida shida manya, ya rarraba su zuwa kanu wajen 1000, sa'an nan ya tara kalmomi a ƙarƙashin kowane kai ba tare da ya bayyana ma'anarsu ba. Bai yi haka don sakaci ba. Manufarsa kishiyar ta ƙamus ce. Mai ƙamus yana da kalma yana neman ma'ana, shi kuwa Roget ya yi aikinsa ne domin wanda yake da ma'ana a ka, kalmar ce ta ɓace masa. Ke nan littafin matuni ne ga wanda ya riga ya san kalmomin, da ya ga wadda yake nema zai gane ta, kamar yadda makiyayi kan gane saniyarsa a cikin garke.

Ya kamata a yi wa Roget adalci ta wani ɓangaren. Da yake bisa ma'ana ya tsara littafinsa, wanda ya bi shi a hankali zai tarar da beckon a wajen da ake maganar alama da nuni, summon a wajen umarni, su entice da allure kuwa a wajen abin da ke tunzura mutum ya aikata abu. Matsalar ta fi ƙamari ne a ƙananan littattafan da suka biyo baya, da kuma manhajojin waya na yanzu, waɗanda suka rushe wannan tsari suka jera komai bisa abacada. A nan ne beckon da lure suka zama maƙwabta ba shinge.

Tun kafin Roget akwai wata hanyar. George Crabb ya buga littafinsa na kalmomi masu kusancin ma'ana a 1816, inda yakan ɗauki kalmomi uku ko huɗu ya faɗi inda suka haɗu, ya faɗi inda suka rabu, ya kawo misali. Kamfanin Merriam ya bi wannan sawu a ƙamusunsa na irin waɗannan kalmomi da ya fito a 1942. Wannan hanya ta biyu ita ce mai koyon harshe yake bukata, amma ta farko ce ta fi yaɗuwa, don ta fi saurin dubawa kuma ta fi arha wajen bugawa.

3.0 Ƙamusan Ingilishi da Hausa

Kafin a zargi ƙamus, sai a tambaya don wa aka rubuta shi. Babban ƙamusun G. P. Bargery na 1934 na Hausa zuwa Ingilishi ne, sashen Ingilishi zuwa Hausa da ke ƙarshensa kuwa manuniya ce kawai da ke mai da mai karatu cikin gangar jikin littafin. Wanda ya tsaya a manuniyar bai shiga ciki ba, jeren Roget ya sake samu, sai dai da Hausa. Ƙamusun Neil Skinner na Turanci da Hausa, wanda ya fito a 1965, an yi shi ne domin Bahaushe mai koyon Turanci, kuma ya yi wa ɗalibai da yawa rana, amma girmansa bai ba shi sararin bambance kalmomin da suka yi kusa da juna haka ba. Na Roxana Ma Newman na 1990 ya fi su kula da muhallin kalma, yana rarraba ma'anoni yana kawo jimlolin misali tare da alamar karin sauti da tsawon wasali. Sai dai tambayar da ya fi amsawa ita ce ta mai jin Ingilishi da ke neman kalmar Hausa. Irin wannan mutum ya riga ya san warin da ke jikin lure, ba sai an gaya masa ba. Ɗalibin da ya taso daga Hausa zuwa Ingilishi shi ne bai sani ba, kuma a nan giɓin yake.

4.0 Kalmomin Ɗaya Bayan Ɗaya

4.1 Beckon

Wannan kalma 'yar gida ce a Ingilishi, ba ararriya ba. Tushenta ɗaya da beacon, wato wutar da akan hura a kan tudu don a sanar da na nesa. Asalin ma'anarta ke nan yin alama, kuma har yau ba ta rabu da wannan ba. Kira ne ba da murya ba, da hannu ko da yatsa ko da ka. Hausa tana da kalmar da ta yi daidai da ita, wato yafito.

(1) The nurse beckoned him over.
Ma'aikaciyar jinya ta yafito shi.

Wanda ya fassara wannan da "ta kira shi" bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da dalilin da ya sa marubucin ya zaɓi kalmar. A ɗakin marasa lafiya ba a ɗaga murya, shi ya sa ta yi da hannu. Shirun da ke cikin jimlar yana cikin labarin.

Abu na biyu da jeren kalmomi ba ya faɗa shi ne, beckon ta fi zama a rubuce, musamman a ƙagaggun labarai. A hira ta yau da kullum an fi jin wave over ko call over. Abu na uku, takan ɗauki aikau marar rai, a nan kuma ba ta bukatar karɓau.

(2) After the final exam, the city beckoned.
Da aka gama jarrabawar ƙarshe, sai hankali ya koma birni.

A nan yafito ba za ta yi ba, don a Hausa sai mai hannu ke yafitowa. Dole mai fassara ya sake gina jimlar.

Akwai kuma abin da babu ƙamusun da zai iya ɗauka gaba ɗaya, wato siffar hannun kansa. Baturen Ingila ko Ba'amurke in zai yafito mutum, tafin hannunsa sama yake kallo, wani lokaci ma yatsa manuniya kaɗai yake lanƙwasawa. Bahaushe kuwa kife tafinsa yake yi, ya riƙa jawo yatsu huɗu zuwa gare shi, kuma da dama yake yi. Haka ake yi a ƙasashen Larabawa da Japan da wasu sassan kudancin Turai. Mutum-mutumin kyanwar nan mai ɗaga hannu da ake ajiyewa a ƙofar kantunan Japanawa, wadda Turawa ke ce wa beckoning cat, kiran masu saye take yi da tafi a kife, amma Bature da yawa in ya gan ta sai ya zaci bankwana take yi masa. Saboda haka idan ɗalibi ya karanta cewa wani ya beckon wani da yatsa ɗaya, kada ya yi saurin yanke cewa wulaƙanci aka nufa, ko da yake a idon Bahaushe hakan ne. Sai ya duba wane ne ya yi wa wane. Haka kuma in zai juya labarin Hausa zuwa Ingilishi, ya tuna cewa yaron da ya yafito dattijo ya yi rashin kunya, kuma beckon kaɗai ba za ta gaya wa mai karatun Ingilishi haka ba, sai an ƙara masa bayani.

4.2 Invite da Summon

Waɗannan biyun duk daga Latin suka shigo ta hannun Faransanci, kuma duk ana yin su da baki ko da takarda. Abin da ya raba su shi ne iko. Wanda aka yi wa invite yana iya cewa na gode, ba zan sami zuwa ba, a rabu lafiya. Wanda aka yi wa summon in ya ƙi zuwa akwai abin da zai biyo baya. Shi ya sa summon daga sama take gangarowa: alƙali ga wanda ake ƙara, shugaba ga ministansa, ma'aikatar harkokin waje ga jakadan wata ƙasa in an sami saɓani. Ƙarami ba ya yi wa babba, sai in ba'a ake yi.

Hausa ta daɗe da sanin wannan kalma ta ƙofar kotu, domin sammaci daga summons aka aro ta. A lura cewa harafin s na ƙarshen summons ba na jam'i ba ne, kalmar tilo ce, jam'inta summonses. Amma ba kowace summon ce sammaci ba.

(3) The judge summoned the witness.
Alƙali ya aika wa mai shaida da sammaci.

(4) The headmaster summoned the boy to his office.
Hedimasta ya sa a kirawo masa yaron ofis.

A misali na (4) babu kotu babu takarda, don haka sammaci ta yi nauyi. Abin da ke ɗauke da ikon a Hausa shi ne "ya sa a kirawo". Babba ba ya tashi ya kira da kansa, aikawa yake yi.

Ita kuwa gayyata tana da nata tarihin. 'Yar uwar gayya ce, wato neman jama'a su taru su taimaka da noma ko gini ko wani aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wanda aka gayyata an girmama shi, an lissafa shi cikin waɗanda ake son gani, shi ya sa ma ake yi wa wanda ya zo ba a kira shi ba laƙabi da ɗan gayyar soɗi. Ta wannan fuska ta dace da invite ƙwarai. Sai dai invite tana da wata ma'ana da gayyata ba ta da ita, wato jawo wa kai abin da ba a so.

(5) Leaving the door open invites thieves.
Barin ƙofa a buɗe neman ɓarayi ne da kai.

4.3 Attract, Entice, Lure

A wannan rukuni babu kira ko kaɗan. Ba a ce wa mutum ya zo ba, an dai sa shi ya so zuwa.

Attract daga kalmar Latin mai nufin ja ta fito, kuma ita ce mafi tsarkin zuciya a cikinsu, don ba lalle ba ne a sami mai niyya a bayanta. Maganaɗisu yana attract ɗin ƙarfe, fitila tana attract ɗin ƙwari, kasuwa tana attract ɗin baƙi, babu ɗayansu da ya ƙulla wani abu. Jawo ko ja hankali ne a Hausa. Ba ta nuna alheri, ba ta nuna sharri.

Entice kuwa akwai mai niyya, kuma akwai abin da aka nuna don a ta da kwaɗayi. Masana asalin kalmomi suna danganta ta da kalmar Latin ta bakin wuta, wato dai hura wa mutum wuta a zuci. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da zuga da maƙeri ke yi wa wuta ita ce dai zugar da ake yi wa mutum. Amma a yau ma'anar entice ta fi kusa da kwaɗaitar. Abin da aka nuna yana iya zama na gaskiya. Ɗan kasuwar da ya rage farashi don masu saye su shigo ya yi entice, kuma ba lalle ne ya cuci kowa ba.

Lure ce mai haƙora. Asalinta daga masu farauta da shaho ne a Turai. Sukan ɗaure gashin tsuntsu da ɗan nama a bakin igiya su riƙa wulwulawa, shahon da ya tashi ya hango ya zaci tsuntsu ne, ya sauko ya koma hannun mai shi. Wannan abin da ake wulwulawa shi ne lure, kuma har yau haka masunta ke kiran kifin roba da suke maƙalawa a ƙugiya. Duk abin da kalmar ke nufi yana cikin wannan hoto. Akwai abin da aka nuna, akwai abin da aka ɓoye, kuma wanda ya zo da ya san gaskiya da bai zo ba. Bahaushe ya san wannan a tsakar gidansa, lokacin da aka watsa wa kaza tsaba ana riƙe da wuƙa a baya.

(6) They lured him into the house.
Sun yaudare shi ya shiga gidan.

A lura da yadda Hausa ta raba aikin gida biyu, yaudarar daban shigar daban, alhali Ingilishi ya ɗora su a kan aikatau ɗaya da harafin into. Wanda ya ce "sun jawo shi cikin gidan" ya mai da dabara ta zama ƙarfi, wanda ya ce "sun kira shi cikin gidan" kuwa ya share laifin gaba ɗaya.

Gaskiya ne 'yan jarida sukan sassauta lure su yi amfani da ita a inda babu cuta, kamar a ce wata ƙungiyar ƙwallo ta lure ɗan wasa daga wata da albashi mai tsoka. Ko a nan warin tarkon bai gushe ba, marubucin yana nuna cewa kuɗi aka wulwula masa. Sauran 'yan wannan gida ana iya wuce su da sauri. Tempt ta fi karkata ga abin da mutum ya san bai kamata ya yi ba amma ransa na so. Coax lallashi ne a hankali, irin wanda ake yi wa yaro ya sha magani. Allure a yau an fi jin ta a matsayin suna, tana nufin abin da ke fizgar zuciya a jikin mutum ko wuri.

5.0 Gwajin "Amma Bai Zo Ba"

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai iya yi da kansa, wanda ke fito da bambancin da jeren kalmomi ke binnewa. Ya ɗauki kowace kalma ya sa ta a jimla a shuɗaɗɗen lokaci, sa'an nan ya ƙara mata but he did not come.

(7) She invited him, but he did not come.
(8) She beckoned to him, but he did not come.
(9) The court summoned him, but he did not come.
(10) She lured him into the room, but he did not come.

Misalai na (7) da (8) da (9) lafiyayyu ne. Na (10) kuwa ya ci karo da kansa, domin wanda aka yi wa lure zuwa cikin ɗaki ya riga ya shiga. In ana son a ce dabarar ba ta ci ba, sai an ce tried to lure. Haka attract take. Kasuwar da aka ce ta attract ɗin baƙi, baƙin sun zo. Ke nan rukunin farko yana ba da labarin abin da mai kira ya yi ne kawai, na biyu kuwa yana haɗawa da abin da ya sami wanda aka nufa.

Wannan ya kai mu ga wani wuri da Hausa ta fi Ingilishi tattali. A tsarin rukunan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, rukuni na shida shi ne mai ƙarewa da wasalin o, kuma aikinsa nuna cewa aikin ya fuskanto wajen mai magana. Daga ja aka sami jawo, daga kira aka sami kirawo, daga gayyata aka sami gayyato, daga matsa aka sami matso. Abin da Ingilishi ke bukatar over ko here ko towards me kafin ya faɗa, Hausa wasali ɗaya ta faɗe shi da shi. Bayan haka, kunnen Bahaushe yakan ji bambanci tsakanin "ya gayyace shi" da "ya gayyato shi". Ta farko ba ta ce komai ba game da zuwa, ta biyu kuwa sau da yawa ana faɗinta ne baƙon yana zaune a wurin. Mai fassarar da ya riƙe wannan zai san lokacin da o ta isa ta ɗauki nauyin over, ba sai ya ƙara "zuwa nan" ba.

6.0 Wanda Ya Biyo Ta Faransanci ko Larabci

Ɗalibai da yawa ba kai tsaye suke zuwa Ingilishi daga Hausa ba, sai sun ratsa ta wani harshe, kuma kowane yana da nasa ramin. A Faransanci attirer tana aikin attract, tana kuma aikin lure in aka ce an jawo mutum cikin tarko. Wanda ya saba da haka sai ya rubuta attract a inda ake bukatar lure, jimlar ta fito ba laifin kowa a ciki. Convoquer ita ce summon, ko da yake akwai convoke a Ingilishi, ba kasafai ake amfani da ita ba sai a maganar kiran majalisa. Allure kuwa a Faransanci tana nufin yanayin tafiya ko sauri ko fasalin mutum, ba ta nufin fizgar zuciya. Beckon ba ta da takwara kalma ɗaya, sai a ce faire signe.

A Larabci saiwa ɗaya ce ta haifi kira da gayyata da roƙon Allah, ita ce ta ba Hausa addu'a da da'awa, kuma daga gare ta aka gina kalmar da ke nufin summon. Wanda ya taso da wannan yakan ga invite da summon kamar reshe biyu na itace ɗaya, alhali a Ingilishi ba su haɗa tushe ba.

7.0 Inda Kuskuren Ke da Tsada

Mai karatu na iya cewa duk wannan ƙwaƙƙwafi ne na malamai. Misalai uku za su nuna ba haka ba ne.

Na farko shi ne na Paul Rusesabagina, mutumin da aka gina fim ɗin Hotel Rwanda na 2004 a kan labarinsa. A watan Agusta na 2020 ya hau jirgin haya a Dubai yana zaton Burundi za shi, jirgin ya sauka a Kigali, aka kama shi. Iyalinsa suka ce sace shi aka yi. Hukumomin Ruwanda suka musanta, ko da yake a 2021 ministan shari'arsu ya amsa cewa gwamnati ce ta biya kuɗin jirgin. A shekarar ne aka yanke masa ɗaurin shekara 25 kan tuhumar ta'addanci, aka kuma sake shi a watan Maris na 2023. Jaridun Ingilishi da yawa lured suka rubuta, kuma ba da ka suka zaɓe ta ba. Kalmar ta nuna cewa da ƙafarsa ya hau, ta kuma nuna cewa an ɓoye masa inda za a kai shi. Mai fassarar da ya ce "an sace shi" ya ɗauki maganar ɓangare ɗaya, wanda ya ce "an gayyace shi" ya zarce ma abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa. "An yaudare shi ya hau jirgi" ita ce ta tsaya inda jaridar ta tsaya.

Na biyu shi ne labaran safarar mutane, inda kusan kullum za a ga an rubuta cewa an lure 'yan mata da alkawarin aiki a ƙasar waje. Duk laifin yana cikin wannan aikatau. In aka fassara da "an ja hankalinsu da alkawarin aiki", mai sauraro zai ji kamar talla ce ta yi kyau, su kuma kwaɗayinsu ya kai su. Laifin ya tashi daga kan mai safara ya koma kan wadda aka cuta, ba tare da mai fassarar ya yi niyyar haka ba.

Na uku ya juyo ne ta ɗaya gefen. A Ingilishin Nijeriya da na Ghana an saba cewa 'yan sanda ko wata hukumar bincike ta invite ɗin mutum don amsa tambayoyi. Sakaya zance ne, domin kowa ya san ba biki aka kira shi ba. Kafofin labarai na Hausa sun kwaso wannan yadda yake, har "hukuma ta gayyace shi" ta zama ruwan dare. A nan mai fassara ya bi kalma daidai, amma ya ɗora wa gayyata kayan da ba nata ba. Ko dai ya san sakayawa ce ya bar ta da gangan don haka hukumar ta faɗa, ko ya ce "ta neme shi ya bayyana a gabanta". Abin da bai kamata ba shi ne ya rubuta bai san akwai zaɓi ba.

8.0 Kammalawa

Jeren kalmomi irin na Roget ba shi da aibi ga wanda aka yi shi dominsa. Aibin yana wajen miƙa shi ga mai koyo a matsayin ƙamus, da kuma malamin da ya rubuta kalmomi shida a allo ya ja musu layi ɗaya zuwa kira. Gyaran ba ya bukatar sabon littafi. Duk lokacin da ɗalibi ya ci karo da ɗaya daga waɗannan kalmomi, ya tsaya ya tambayi jimlar da me aka yi kiran, ko akwai damar ƙi, ko an ɓoye wani abu, sa'an nan ya gwada ta da "amma bai zo ba". In amsar ta nuna hannu, yafito ce. In ta nuna girmamawa da zaɓi, gayyata ce. In ta nuna iko, sammaci ne ko a sa a kirawo. In kuwa ta nuna tsaba a gaba wuƙa a baya, to kada ya ji nauyin rubuta yaudara.

Domin aikin aji, ana shawartar ɗalibai su tara jimloli goma daga jaridun Ingilishi masu ɗauke da lure ko entice ko summon, su nemi yadda wata kafar Hausa ta ba da labarin guda a ranar, su kawo biyun a kwatanta a ga a kan wa laifi ya faɗa a kowanne.